Farin Sa a Bangon Gabas

Kwanan baya aka kai ni in ga ɗakin jikata. Na ce kai ni aka yi, don ba ni na yi jeren ba, ba kuma wanda ya nemi shawarata. Wasu samari biyu ne suka zo daga Magariya cikin kamiyo, babbar motar kaya, suka sauke gado da armuwar ta ajiye tufafi da wani akwatin gilashi, suka buga ƙusa nan suka buga can, kafin azahar sun karkaɗe hannu sun tafi. Wai jere ke nan an gama. Maza, su ke yi wa mace jere yanzu! Na tsaya tsakiyar ɗaki ina neman abin da zan yaba. Bango fes, ba kwano, ba tasa, ba faifai ko ɗaya. Ƴan mata sun jeru a bakin gado, kowace ta dunƙule kan wayar salula, suna kallon wasan Indiya da aka juya bakinsa zuwa Hausa. Na leƙa ta kafaɗar ɗaya, sai ga shi. Shuɗin mutumin nan mai maciji a wuya da jinjirin wata a gashi. Na ce, "Ke, kin san wannan?" Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Kaka, ai abin bautarsu ne, kullum sai an nuna shi kafin matar ta fara kuka." Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Hoton mutumin nan ya taɓa raba ni da alƙibla wata biyu cur, ina ɗauke da cikin fari.

Ban riƙe alli ba sai da na aurar da ƴaƴa uku. A makarantar manya na koyi baƙi, a zaune kan tabarma da allon arduwaz a cinya, wani mushe, wato malami, sa'an ɗana yana gyara mini riƙon alli. Har yau hannuna ya fi sanin taɓarya. Saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da shi, amma labarin bai karkace ba.

A zamaninmu jere aikin mata ne na kwana uku. Gwaggwanni da innoni su taso daga garinku da kaya a ka, su kwaɓa laka da kashin shanu su yaɓe bango, tun yana ɗanye su dinga liƙa faranti, su ɗora tasoshi bisa tasoshi har su kusa taɓa rufi. Ana yi ana guɗa, ana faɗa a kan kwanon da zai hau sama, wata ta yi fushi ta fita, ƙamshin tuwo ya komo da ita. Daga waje kana jin lugude, taɓare huɗu cikin turmi guda, ana tafi tsakanin sara da sara. Kuma duk ɗakin da aka gina da hankali ƙofarsa yamma take kallo, don hadari daga gabas yake taso mana. To in ƙofa na yamma, bangon da baƙo zai fara gani in ya ɗaga labule shi ne na gabas. Can ake zuba duk abin da mace ta mallaka na ado, can ake jingina gado. Can kuma muke fuskanta in za mu yi salla. Ba wanda ya taɓa ganin aibu a wannan, ni ma ban gani ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Bande. Babana yana da wani farin sa mai tozo kamar tulu, ni ke kai shi rijiya tun ina ƴar ƙwailata. Ya san muryata. In na yi fito ya ɗago kai ko yana tsakiyar harawa. Wata shekara hatsi bai yi ba, aka ja shi kasuwa, na bi bayansu ina kuka har aka koro ni da tsumagiya. Shi ya sa ranar da gwaggona ta kai ni kasuwar Bande sayen tarkacen aure, na tsaya cak a gaban wani mai koli. Ya baza madubai da allurai da kwalli, a gefe kuma hotuna, ya danne su da duwatsu don iska. Akwai na Ka'aba, akwai na ƴan kokawa. Sai ga wani babba, fiye da kamu ɗaya, da farin sa kwance a gaba, tozonsa da wuyansa da sanyin idonsa sak na babana. A bayansa wani mutum zaune ya harɗe ƙafa, dogon gashi a naɗe a ka, sanda mai baki uku a gefe.

Na ce, "Gwaggo, wane ne wannan mai san?"

Ta ɗauka ta nisanta shi da ido, ta ce, "Bororo ne na wata ƙasa. Ba ki ga kitso ba? Samarinsu ai sun fi mata kwalliya."

"To me ya sa jikinsa shuɗi?"

"Baba ne na rini. Ba ki ga Buzaye yadda rawani ke rina musu fuska?"

"Macijin fa?"

"Makiyayi ba ya rasa maganin maciji. Ke, in kina so ki ɗauka, rana na yi."

Mai kolin ya naɗe mini shi, ina jin shi ma iyakar saninsa ke nan. Ranar jere gwaggona da kanta ta dama ƙullun gero, ta shafa a bayan hoton, ta manna shi a tsakiyar bangon gabas, tasoshi dama da hagu. Duk wadda ta shigo ganin ɗaki sai ta ce, "Kai, amarya da sa aka kawo ta!"

Wajen Guci aka kai ni, bayan an gama ɗaurin dame. Gidan manoma ne, kuma uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, ita ke riƙe da shi. Mai gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Tun hantsi za ka ji ƙarar gyaɗa cikin kasko da yashi, shaa, shaa, sannan niƙa, sannan matsa, har ƙamshin ya bi ka cikin barci. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Takan ce, "Hannun da ke aiki ba ya rawa." Takan ce, "Abin da ka rufe da faifai ba ya daina ruɓa." Ni kuwa ina ji da ɗakina. Kullum la'asar sakaliya in share, in yayyafa ruwa, in sa garwashi a kasko in zuba turaren wuta, in ajiye a gindin jere don hayaƙin ya shiga tufafi. Ƙwaryar furar maigida ma can nake ajiye ta, a kan wani ɗan dakali ƙarƙashin hoton, don nan ya fi sanyi. In lokacin salla ya yi in shimfiɗa tabarma gefen gado in kabbara. Haka na yi tun kaka har ruwan shuka ya faɗi, kuma a tsakanin nan na samu ciki.

Da ruwan fari ƴan ci-rani suka fara komowa. Cikinsu har da ƙanen mijina, wanda bai ga bikinmu ba, don tun kafin a ɗaura ya tafi Kano dako a kantin yadi na wani Ba'indiye. Kun san tsakanin mace da ƙanen miji sai wasa. Ya tsaya a ƙofar ɗakina da sabulu a hannu yana ƙwala kira.

"Ina matar tawa? Miji ya dawo daga birni ba ko ruwa?"

Na ce, "Mijin wa? Kai da ko akuya ba ka ɗaure ba?"

"Akuya me? Na ji an ce da sa kika zo. Ɗaga labule in ga dukiyata."

Na ɗaga. Ya shigo yana taku irin na ƴan birni, ya kalli jere, sai ya tsaya. Ya kalli hoton, ya kalli kaskon turare yana hayaƙi, ya kalli ƙwaryar fura a kan dakali. Sai ya zube ƙasa yana dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo Allah, yaya ya auro mana Ba'indiya! Har da nono kike ba shi?"

Na ce, "Wa?"

"Wannan mana! Shiba suke ce masa. Matar maigidana tana da irinsa a ɗaki, in na kai kaya gida ina ganinta. Turare take ƙona masa, ta zuba masa madara, ta durƙusa ta sa goshi ƙasa. Ke ma ina kike kallo in za ki yi salla?"

Na kalli gefen gado. Tabarmata na nan jingine inda kowa zai gani.

Ya ce, "Kin ga wannan zanen na goshinsa? Ba shasshawa ba ce, ido ne na uku, a rufe yake. Sun ce shi ne mai rushe duniya. Ran da ya buɗe shi, duk abin da ya kalla sai toka. Ki dai riƙa ba shi furarsa a kan lokaci, matata, kada ya ƙone mana gero."

Ya ajiye sabulunsa ya fita yana fito. Kafin magariba ya manta ya yi maganar. Ni kuwa na zauna bakin gado ina kallon hoton.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Abu kaɗan ya dame su sai su latsa salula, malamai goma su ba su amsa. Ni abin da na sani na addini shi ne abin da babana ya biya mini da baki: Fatiha, ƙananan surori, da cewa akwai zunubi ɗaya da ya fi kisan kai, shi ne haɗa Allah da wani. Na kuma taɓa ji a wa'azin kasuwa cewa wanda ya fita Musulunci aurensa ya warware. Sai na shiga lissafi da yatsu. Sau biyar a yini, tun kaka. Turare kullum. Fura kullum. In na fita addini ban sani ba, to aurena fa? In ba aure, abin da ke motsi cikin cikina me sunansa? Wa zan tambaya? Maigida, wanda ko ido ban iya haɗawa da shi a gaban mutane? Inna, in ce mata ta kawo mai bautar gunki gidanta?

Za ku ce, to ki cire shi mana. Na tashi in cire ya fi sau ashirin. Da na miƙa hannu sai in ga zanen nan na goshi, in janye shi. In ya buɗe fa? In ni ya bari ya kalli ɗan? Nan ne wurin da abin ya fi ci na, kuma zan faɗe shi ƙarara don ba na ado da magana. In na ce takarda ce kawai, me ya hana ni taɓa ta? In kuwa na kasa taɓa ta, ashe na yarda tana iya wani abu, shirkar da nake gudu ke nan na faɗa cikinta da ƙafa biyu. Da ban sani ba goshina ne kawai ke wajen. Yanzu da na sani, zuciyata ce ta koma can.

Na yi dabarun marar wayo iri-iri. Na rufe shi da zanena na aure, sai na ga kamar tufatar da shi na yi, na janye. Na daina turare, ɗaki ya koma warin danshi, maigida ya tambaya na ce hayaƙi ke tayar mini da zuciya. Na ɗauke fura na mayar bayan ƙofa, amma ranar da shirwa ta ɗauke mini ƴan tsaki biyu na ce shi ke nan, ya fara karɓa da kansa. Bayan shuka ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki, gero ya fara murɗewa, maza suka fita roƙon ruwa, ni ina ɗaki na tabbata saboda ni ne aka hana gari. Da ruwan ya dawo ma ban huta ba, don kullum da safe sai in tarar da ɓurɓushin ƙasa cikin tasoshi, kuma in gida ya yi shiru da rana ina jin wani ɗan ƙas-ƙas daga bayan hoton, kamar mai gyara zama. A tsakar gida ban iya salla, don amarya mai ɗaki ba ta shimfiɗa tabarma gaban surukai ba tare da an tambayi dalili ba. Daga ƙarshe na yanke wa kaina fatawa. Na juya tabarma na ba shi baya, na fuskanci ƙofa. Yamma. Na ce Allah ai yana ko'ina, gara in kalli ko'ina da in kalli wancan. Na rame, ƙashin wuya ya fito, mata na cewa laulayi ne.

Muna cikin marka, gero ya kai ƙirji, saura kaɗan a mayar da ni gidanmu goyon ciki. Wata la'asar ina raka'a ta biyu Inna ta ɗaga labule da kwanon tunkuza a hannu. Muka yi ido huɗu, don ita nake fuskanta. Ta raɓa gefe ta zauna bakin gado, ta jira har na sallame.

Ta ce, "Ƴar nan, an mayar da Makka Maraɗi ne ban ji ba?"

Sai kuka. Irin wanda ba ya fita da sauti, sai kafaɗu. Ta bar ni na yi mai isata, tana gutsurar tunkuzarta. Da na samu numfashi na kwashe duka na gaya mata, tun daga kasuwar Bande har ƴan tsaki. Na jira ta yi salati ta tara mini gida. Sai ta tashi ta tsaya gaban hoton, hannu a ƙugu, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "San dai ya yi kyau."

Sannan ta juyo. "Tambayarki zan yi, ki ba ni amsa ɗaya. Duk watannin nan, in kin ɗaga hannu kin kabbara, sunan wa kike kira?"

"Allah."

"In kin sa goshi ƙasa?"

"Allah, Inna."

"Turaren na wa?"

"Na tufafi."

"Furar fa?"

Na sunkuyar da kai. "Ta ɗanki."

"Shi kuwa yake shanye ta, don na ga wuyansa. To ni a gaban ɗakina akwai turken jaki, shekara talatin ina salla yana gabana. Jaki na bauta wa?"

Dariya ta so kuɓuce mini cikin hawaye. Na ce, "To Inna ki cire mini shi."

Ta ce, "A'a."

"Don Allah, Inna."

"Don Allahn ne ba zan cire ba. In na cire, gobe ki ce tsohuwar nan tana da wani abu, ki bar tsoronsa ki koma tsorona. Gwaggonki ta manna, ke za ki ɓamɓare. Ga ni nan zaune. In ido ne ya buɗe, ni zai fara gani, na fi ki faɗi."

Na hau gado da gwiwa. Ban taɓa jin nauyin hannuna irin na ranar ba. Na kalli zanen goshin nan dab da fuskata, karon farko tun zuwan ɗan Kano, na ga ashe tawada ce, har ta ɗan zarce layi a gefe ɗaya. Na ce bismillahi da ƙarfi, yadda ake faɗa in za a ɗaga dame, na sa farce a kusurwa na ja.

Takardar ba ta yi gardama ba. Ta zo hannuna laɓo-laɓo kamar ganyen rama dafaffe, bayanta duk hanyoyin gara. Ƙullun geron da gwaggona ta shafa shi ya kira su. Sun cinye ƙullun, sun cinye bayan takardar, ƙafafun san nan duk sun tafi, sannan sun shige bango. Ga su nan farare suna ta gudu. Kuma a inda hoton ya rufe akwai tsaga, daga tsayin kaina ta gangara bayan gado, wadda hannu zai shiga. Ta cikinta ina hango hasken rana.

Muryar Inna ta canza nan take. "Sauko. Sauko a hankali, kada ki jingina." Ta fita tsakar gida ta ƙwala wa matan gida kira, ta aika gona a kira maza. Kafin magariba an fitar da gado da tufafi, an sauke abin da ya sauku na jere, an mayar da ni ɗakinta. Ruwan gabas ya jima yana dukan bangon daga waje, gara na ci daga ciki, ni kuwa ina kwana ƙarƙashinsa da ciki wata shida ina tsoron tawada.

Ƙanen mijina ya sha muciya a gadon baya ranar, yana gudu yana cewa, "Wallahi wasa nake, Inna!" Ta ce, "Wasa da mai ciki? Zo in yi maka nawa wasan." Da ta huce ya ce a jefa takardar a murhu. Ta hana. Ta naɗe abin da ya saura cikin tsumma ta ba shi, ta ce, "In ka koma Kano ka kai wa matar maigidanka. Wurinmu takarda ce, wurinta ba takarda ba ce. Ba a wulaƙanta abin wani, don kada ya wulaƙanta naka." Ta kuma je da kanta wurin matar liman aka tambayo mana. Amsar da ta zo ita ce har yau nake ba ƴaƴana in na ga tsoro na neman yi musu jagora. Sallolin da na yi ina fuskantar hoton ba abin da ya taɓa su, aurena ma haka. Waɗanda na yi ina kallon yamma su ne babu, sai na rama. Wato abin da na ji tsoro bai ɓata mini ko raka'a ɗaya ba, tsoron ne ya ci mini wata biyu.

Bayan shekaru masu yawa, da yana ta rufe mini ido ɗaya, aka kai ni Damagaram aka yi mini aiki. Likitar Ba'indiya ce, ƴar siririya mai furfura. Ranar da aka kwance mini bandeji abin da na fara gani a kan teburinta shi ne ɗan ƙaramin hoto irin wancan nawa. Na ce wa mai fassara ya tambaye ta, ba ta tsoronsa? Ta yi murmushi ta ce tana yarinya ko ɗakin da yake ba ta shiga, sai kakarta ta riƙe mata hannu ta ce ba mugunta ce ke sa shi rushewa ba, abin da ya tsufa yake kawarwa don sabo ya samu wuri. Na ce a gaya mata mu ma kafin shuka sai mun yi sassabe mun ƙone, amma ni Mai rayawa da kashewa ɗaya na sani, ba shi da hoto. Ta haɗa tafin hannu ta ɗan rusuna, ni ma na ce Allah ya saka mata da alheri a kan idona. Ita da nata, ni da nawa. Amma na fito ina mamaki, ashe can ma akwai yarinya mai rawar gwiwa da tsohuwar da ta tsaya mata.

In koma kan bango. Kwana uku da fitar da ni, da rana tsaka, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Muna ɗakin Inna muna ɓarar gyaɗa, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai muka ji wani rugum, ƙasa ta amsa. Da ruwan ya tsagaita muka fita. Bangon gabas ya kwanta gaba ɗaya cikin ɗaki, daidai inda gadona yake, rufin ya zube a kansa, farantan da aka liƙa suna leƙowa daga cikin laka. Maigida ya tsaya yana ta salati. Na ji tsohon tunanin nan ya ɗago kai yana cewa, kin gani, kin cire shi ya rama. Na ce masa cikin raina, ƙarya kake, na ga garar da idona.

La'asar ta yi. Na yi alwala, na ɗauki tabarmata, na shiga ta ƙofar da ta saura tsaye. Na ture ɓaraguzai da ƙafa na samu wuri. Ban taɓa ganin gabas daga cikin ɗakin nan ba sai ranar. Babu jere, babu bango, sai gonar gero ta sha ruwa tana sheƙi har iyakar ido, da itatuwan gawo tsirara a tsakiya yadda suke yi da damina, da sararin Allah an wanke shi tas. Na kabbara, muryata ba ta yi rawa ba. A sujada ta biyu wanda ke cikina, wanda har yau ba na kiran sunansa ko da yake gemunsa ya yi fari, ya ba ni wani shuri a haƙarƙari har na kusa yin dariya cikin salla.

Da na sallame Inna na tsaye a bakin ƙofa da kwando.

Ta ce, "Kin ga alƙiblar yanzu?"

Na ce, "Na gan ta, Inna."

"To tashi ki tono farantanki cikin laka. Ba ni aka yi wa jere ba."